Robar Fitsari da Mutumin Bakin Asibiti

Ana idar da sallar asuba muka bar Mani, ni da ƙanena, za mu asibitin birni, an ɗaure kekena na guragu a bayan mota. Tun da motar shanu ta kife da ni lakata ta taɓu, da roba da jaka nake fitsari. Zazzaɓi ya yi ta dawo mini, fitsarin ya yi kauri yana wari, har na fara zargin sammu aka yi mini.

Sojoji sun koma bariki, amma masu tsaida mota na nan, hotunan 'yan takara kuma duk sun koɗe a jikin bango. A Ƙofar Guga ƙanena ya sayo ƙosai da koko. Ƙosan kawai na ci, don ba na son jaka ta cika a gaban mutane.

A bakin asibiti wani mai tsabtar kaya ya durƙusa ya gaishe ni kamar ya san ubana. Ya ce likitoci yanka ni za su yi, shi kuwa yana da jiƙo a Ƙofar 'Yandaka. Na lura ba fuskata yake kallo ba, gefen zanen da na rufe jakar yake leƙe. Na ce masa Allah ya ba da kasuwa.

Nas ɗin da ta duba ni a ciki ma ban yarda da ita nan take ba. Bayan gwaji ta ce ƙwayoyin cuta ne suka bi tsohuwar robar, ƙin shan ruwa ya ƙara musu ƙarfi, kuma suna iya kaiwa ƙoda. Ta ba ni magani, ta ce za a cire robar, in koyi sa mai tsabta da hannuna in cire, a kan lokaci. Na ɗauka korata ake yi don babu gado.

Wani dattijo ɗan Ƙofar Kwaya, shi ma a keke, ya matso. "Malam, haka nake yi tun kafin 'yata ta shiga makaranta, ga ta yanzu da goyo. Ka wanke hannu kawai."

Na koya, nas ɗin na nuna mini.

Mun iso gida bayan la'asar. Zazzaɓin ya sauka cikin makon. Na daɗe ina hararar maƙwabta a banza, ashe abin a jikina yake rataye. Yanzu ko ƙanena ba ya taɓa mini robar sai na ga sabulu a hannunsa.