Tawadar da Ta Ƙi Faɗowa

Shekarun baya, bayan yaƙin Kuwait da daɗewa, a shekarar da maigidana ya rasu muka kai shi maƙabartar Baƙi'a ta nan Madina, autana ya zo mini da wata magana. Shi mai rubutun allunan shaguna ne a titin Sultana, hannunsa kuwa babu na biyunsa, ni na haife shi na sani. Wai wasu masu zane na ƙasashen waje sun gayyace shi Rasha, za a sa su a jirgin da ke hawa can ƙololuwa ya sako kansa, sai nauyin mutum ya ɓace kamar na 'yan sama jannati. Suna son su ga yadda rubutun Larabci zai fita a wurin da babu sama babu ƙasa.

Ni da iyayena muka keto Sudan da ƙafa don a binne mu a Madina, ga ɗana zai je inda in ya mutu babu ƙasar da za ta karɓe shi. Na yi faɗa, na yi kuka, ya ce khalas, magana ta ƙare, ya riga ya ba su kalma.

Da na ga ba zai fasa ba, na dafa masa tawada irin tamu, ta gawayi da ƙaro. Na ɗebo ƙasar ƙofar gidanmu na niƙa a ciki, don ko ajali ya same shi, ƙasar Madina tana tare da shi. Har ya dawo ban ci abincin kirki ba. Wayar gida na yin ƙara sai in tura maƙwabciyata ta ɗauka.

Ya dawo lafiya da kaset. Aka kunna, yana zaune kusa da ni yana shan shayi. Sai ga shi a talabijin yana yawo kamar auduga, ƙafafu sama. Ya buɗe kwalbar, tawadata ta fito dunƙule-dunƙule kamar carbin da ya tsinke. Na zuba ido ta faɗo. Ta ƙi. Ƙasar Madina da kanta ta ƙi faɗowa, jama'a.

Ban san lokacin da na damƙe idon sawunsa ba.

Ya ce, "Ya ummi, ga ni nan fa, sakar mini ƙafa."

Na ce, "Ba zan saka ba sai wancan ya sauko."

Yara suka yi ta dariya, ni kuwa na ƙara damƙe ƙafar.

Maƙwabciyar tawa ta rasu, babban ɗana da ke garin Yanbu ma haka, duk suna Baƙi'a. Saura ni da jikata mai rubuta mini wannan, da shi autan, ya yi furfura da tumbi. Matarsa na ta fama da shi ya rage ƙiba. Ni kuwa ƙara masa tuwo nake yi, kada nauyinsa ya sake ɓacewa.