Suna Ɗaya ga Mai Karɓar Kaya

Tun ina ƙarama ake cewa bakina ba shi da linzami, ban kuma taɓa musawa ba. Amma a ofishinmu na Gusau, can bayan tashar mota, na daɗe ina haɗiye magana saboda mutum ɗaya, wato Malam, mai gidan aikin. Aminin mahaifina ne, shi ya fara zaunar da ni gaban kwamfuta. Bai taɓa kirana da suna ɗaya kwana biyu a jere ba. Yau ɗiyata, gobe uwata, jibi sarauniyar tsiwa. Ina son wannan kira ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Aikinmu manhaja ce ta masu aika kaya a mota. Duk abin da ya auku a tasha, an yi lodi, ko mota ta tashi, ko kaya sun iso, manhajarmu takan miƙa labarin ga ƙananan manhajojin da wasu suka rubuta a garuruwansu, su kuma su tura wa mutane saƙo a waya. Kowane labari yana zuwa da gurabe, kowane gurbi da sunansa: lambar mota, garin da za ta, lambar wayar wanda zai karɓi kaya. Wannan gurbi na ƙarshe sunansa a cikin manhaja mai_karba, ko'ina, ba sauyi. Ni ce mai rubuta littafin jagora da masu haɗa manhajarsu da tamu suke bi.

To, Malam tsohon malamin Hausa ne a sakandare kafin ya shiga harkar kwamfuta, kuma bai bar jan bironsa a makaranta ba. Ba takardar da ke fita ofis sai ya duba. A wurinsa, maimaita kalma sau uku a shafi ɗaya talaucin harshe ne. Da na kai masa littafin, ya ga mai_karba ya cika shi kamar tsakuwa a shinkafa, sai ya girgiza kai.

"Haba uwata, Hausa ta ƙare ne? Ga kalmomi nan birjik."

Ya bar mai_karba a babin tashin mota. A babin isowar kaya ya mayar da shi mai_kaya, wai haka mutanen Tsafe ke faɗi, kuma girmama mutum shi ne ka yi masa magana da bakinsa. Na gani da idona. Na san na'ura ba ta san karin harshe ba, sunan da aka ba ta kawai take amsawa. Na ce a raina gobe zan mayar a ɓoye. Kafin la'asar shi da kansa ya tura littafin ga kowa, ni kuwa na yi gum. Kunya ce ta kama ni, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun.

A Tsafe wata baiwar Allah ce ke riƙe da aikin, matar wani malamin firamare. Da kanta ta koyi rubuta manhaja, a ɗakinta, da 'yar sola a kan rufi. Ƙungiyar direbobi ta ba ta aikin ne maza na gunaguni, wai me mace ta sani. Ta bi littafinmu sau da ƙafa. Idan kaya suka iso, manhajarta ta nemi gurbin mai_kaya, ta tarar ba komai, ta yi shiru abinta. Ba ƙara, ba gargaɗi, saƙo dai ba ya fita.

Kwandunan tumatir daga Rawayya suka iso Tsafe, na wani ɗan kasuwa ne a Bilbis. Yana can yana jiran saƙo, kaya na nan cikin rana. Kafin wani ya tuna ya buga masa waya, ƙasan kwandunan ya zama miya. Sai aka taso wa matar nan. Aka sa taro a Bungudu, inda shugaban direbobin yake, don a karɓe aikin daga hannunta a ba wani.

Ta kira ni, muryarta a dake, ba kuka.

"'Yar'uwa, na duba aikina har idona ya yi ja. Abin da kuka rubuta shi na bi. Ki faɗa mini inda na kauce in gyara."

Na ce mata ba ta kauce ba. Na ajiye wayar.

Abokin aikina da ke teburin kusa ya ji komai. Ya ce a bar kaza cikin gashinta, in gyara littafin shiru, a tura sabo, ba wanda zai lura. Na ce to ita fa? Ya ɗaga kafaɗa. Wallahi da ba don azumin nafila da nake yi ranar ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Na shiga wurin Malam da shafukan biyu. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Mi ya ɓaci nan? Mai karɓa ai shi na mai kaya. Duk mai hankali ya san haka."

"Baba, kwamfuta ba ta da hankali. Kai ka koya mini haka."

Sai ya ce in mayar da sunan yadda yake, amma kada in kai maganar Bungudu. Mutuncin ofis ne, in ji shi, kuma matar za ta samu wani aikin. Na ce wane aikin, bayan an shelanta a tasha uku cewa ba ta iya ba? Ya mayar da tabarau ya koma kan takardunsa. Na fita ban ce na yarda ba.

Ranar taron mota ɗaya muka shiga ni da shi. Daga Gusau har Bungudu direba ne kawai ke ta labarin tsadar taya. Aka zauna a rumfar ƙungiya, benci biyu da tabarma. Matar tana gefe da mijinta, kwamfutarta a cinya. Mai tumatir ya faɗi asararsa, kuma yana da gaskiya. Wani ya ce dama sun faɗa tun farko. Shugaban ya juya wurin Malam.

"Malam, ku ne masu ilimin abin. Daga ina matsalar take?"

Malam ya gyara babbar riga, ya ce aikin na'ura sai da ƙwarewa, kuma kowa da iyakarsa. Bai kama sunanta ba, amma kowa ya gane. Na ga matar ta rufe kwamfutarta a hankali. Wannan rufewar ce ta ƙarasa ni.

Na miƙe. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, an bar jaki ana dukan taiki." Na ɗaga shafukan. Na ce ga sunan da manhajarmu ta sani, ga wanda muka rubuta mata. Kamar a ba ɗan aike sunan da ba wanda ke amsa shi a gidan, sannan a ce bai iya sallama ba. Na ce littafin daga ofishinmu ya fito, ni na rubuta, na ga an sauya sunan, na yi shiru. Shugaban ya tambaya wa ya sauya. Ban faɗa ba, amma jan biron yana nan a kan takardar, kuma ba wanda bai san mai jan biro ba.

Na roƙi a ba ta minti biyar. Ta buɗe kwamfutar, ta goge mai_kaya, ta rubuta mai_karba. Aka gwada da lambar shugaban. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro, ya karanta, ya ce, "To, Hajiya, ci gaba da aikinki." Mijinta ya sunkuyar da kai yana hamdala.

Washegari na sa jadawali a shafin farko na littafin: ga sunan kowane gurbi, ga ma'anarsa, ba a sauya shi a kowane babi, ko da zai fito sau ɗari. Na kai wa Malam. Ya karanta har ƙarshe, bai taɓa biro ba. Ya miƙo mini ya ce, "Ya yi, Malama."

Mahaifina ya yi mini faɗa, ya ce ba a tsiraita babba a gaban mutane. Na ce Baba, ita ma mutum ce, kuma a gaban mutanen aka so tsiraita ta. Matar tana nan Tsafe da aikinta, yanzu har da na wata tashar a hannunta. Ni ma ina nan ofis, Malam bai kore ni ba, bai rage ni da komai ba. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, amma da za a mayar da ni rumfar nan, zan sake miƙewa. Tun ranar dai bai ƙara ce mini ɗiyata ba, bai ce uwata ba, ko sarauniyar tsiwa. Malama yake cewa, safe da yamma, bai taɓa sauyawa ba.