Ƙafafun Aro

Yau na dawo daga Giza a gajiye, sai na ji mai sayar da gas yana ƙwanƙwasa tukunyarsa. Nan take ƙarar ta tuna mini da Hajiya, tsohuwar da na yi haya a gidanta a unguwar Ard al-Liwa.

Ciwon ƙafa ya hana ta saukowa daga bene. Kullum tana kallon tsofaffin finafinan Amurka na barkwanci, Turawa na rawa da takalma masu ƙara, ita kuma tana bin su da bugun cokali a jikin kofin shayi.

Na taɓa ce mata, "Hajiya, da girmanki?"

Ta ce, "Ma'alish, ba komai, ɗana. Ƙafafunsu nake ara."

Yanzu nawa ma sun fara nauyi. Allah ya ji ƙanta, ya tashe ta da nata lafiyayyu, ta ƙetare siraɗi da gudu.