Yaya Mani da Shaidar da Ta Raba Shi da Gonarsa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Mani. A gidana na Safana ya cika, ba a ƙauyenmu na gefen Ruma ba, inda aka haife mu kuma inda gonarsa take. Masu zuwa gaisuwa sun ce ciwon ƙirji ne, kuma haka ne. Amma ni da na yi jinyarsa na san daga ranar da ya ba da shaida lafiya ta fara guje masa.

Manomi ne, bai yi boko ba. Shi ya riƙe gida bayan mahaifinmu, ya tsaya mini har na zama malamar firamare. Duk shekara in an kwashe gero, wani makiyayi mai suna Buba kan sauka da shanunsa a gonar Yaya, su ci kara su bar masa taki. Ba su cika surutu ba, amma a ƙwarya ɗaya suke shan fura.

Wata rana bayan la'asar Yaya na dawowa daga gona ya ji ihu. Ya laɓe cikin sabara, ya ga mutum uku suna kora shanun maƙwabcinmu zuwa daji, sun bar mai shanun kwance ba rai. Biyu bai san su ba. Na ukun ɗan garinmu ne, ɗan acaɓa da muka tashi unguwa ɗaya. Washegari jama'a cikin fushi suka far wa Buba, don rugarsa ce mafi kusa, suka yi masa dukan kawo wuƙa, sannan suka miƙa shi ga jami'an tsaro.

Da na je gaisuwar rasuwar maƙwabcin sai Yaya ya ja ni bayan rumbu ya faɗa mini abin da ya gani. Na ce, "Yaya, ba ka jin tsoro? Kana da iyali fa." Ya ce, "Ina ji, Hajo. Amma shi ma Buba yana da iyali. In na yi shiru ya mutu a can, da wane ido zan dubi gabas?"

Na raka shi ofishin jami'an tsaron. A kan kanta aka ɗauki bayaninsa, ƙofa a buɗe, mutane cike da benci suna saurare. An rubuta da Turanci, aka ce ya dangwala yatsa, ba wanda ya karanta masa. Kafin mu isa gida labari ya riga mu. An saki Buba, an kama ɗan acaɓan, daga baya aka ba da belinsa.

Daga nan rayuwa ta juya masa. Dangin ɗan acaɓan suka daina amsa sallamarsa. Wasu suka ce ya sayar da ɗan gari saboda ɗan ruga. Ana kiran wayarsa a yi shiru, yana jin numfashin mutum. Da damina ta yi nisa, ya je gona da safe ya tarar an sare geron tun yana ɗanye, an shimfiɗe shi a ƙasa. A makon ya kwaso matarsa da 'ya'yansa zuwa gidana.

Duk da haka bai taɓa ƙin zuwa kotu ba. Zai sa farar rigarsa ta Juma'a ya shiga mota zuwa birni, a ɗage shari'a, ya dawo. Ranar da aka kira shi, an faɗi sunansa da na ƙauyensa a gaban kowa, ya tsaya ido da ido da wanda ake tuhuma ya maimaita abin da ya gani. Bai kai ga jin hukunci ba. A Safana, in hadari ya haɗu, yakan fito ƙofar gida ya ce, "Yanzu a gida ana noman farko."

Bayan rasuwarsa ne wata lauya ta yi mana bayani a wani taron mata. Ta ce mai shaida na da haƙƙin a karanta masa bayaninsa da harshen da yake ji kafin ya sa hannu. Ta ce a manyan laifuka kotu na iya ɓoye sunansa, ko ta saurare shi a bayan labule, kuma razana mai shaida laifi ne mai zaman kansa. Na zauna ina jinta hawaye na zuba. Ba wanda ya faɗa mana ko ɗaya daga ciki a lokacin da muke buƙata.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Mutane sun san masu kai wa ɓarayin daji man fetur da abinci, sun san masu nuna musu gidaje, amma kowa ya kulle bakinsa, kuma ba na ganin laifinsu. Ina jin da zai yi murna da akwai doka, sannan ya tambaya cikin sanyin muryarsa ko ta san hanyar ƙauyuka irin Ruma da Tsaskiya. Domin kariyar da ke birni ba ta tsare mutumin da zai koma ƙauye a kan babur bayan ya yi magana.

Bai bar dukiya ba. Gonar ma ciyawa ta cinye, ba mai iya zuwa. Na daɗe ina ganin kamar ya yi asarar komai a banza.

Bara na haɗu da Buba a kasuwar Batsari. Ya tsufa, shanun duk an kwashe, yanzu igiya yake tufkawa yana sayarwa. Mun daɗe muna gaisawa. Ya tambayi 'ya'yan Yaya ɗaya bayan ɗaya, bai manta sunan kowa ba. Da zan tafi sai ya ce, "Malama, na aurar da 'yata, na ga jikokina. Duk wannan a cikin kwanakin da Mani ya saya mini ne." Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tufkarsa.

Allah Ya jiƙan Yaya Mani, Ya tsaya masa a ranar da shi ma zai buƙaci mai shaida.