Matar da Ta Kwashe Kujerun Manya

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ofishinta, wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala a tashar jiragen ruwa. Ta rungumi fayil ta kama zagaye: kwastan, 'yan sanda, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Aikinta ta haɗa kan ukun nan. Ba ta aiken masinja. Da ƙafarta take kai takarda, ta tsaya a kan mutum har ya sa hannu, shi ya sa ake ce mata Inna Sa-Hannu. Shekara talatin ke nan, sau huɗu ana tsallake ta a ƙarin girma, ba ta taɓa fashi ba.

Har yau ana ba da labarin ranar kwantenar tayil. Rahoto ya zo daga ƙasar waje cewa an ɓoye hodar iblis a wata kwantena, kuma da la'asar kayan za su fita. 'Yan sanda na da sunan mai kaya, hukumar ƙwayoyi na da sunan jirgi, kwastan ke da rajista. Kowa ya danne nasa. Sau biyu shugabannin na zama suna watsewa a kan wa zai hau kujerar tsakiya.

A karo na uku suka shigo, ɗakin taro wayam.

"Inna, ina kujeru?" in ji na kwastan.

"Sun gaji da rigimarku, ranka ya daɗe, sun tafi hutu."

Na 'yan sanda ya kumbura. "Kin san da wa kike magana?"

"Na sani, yallaɓai. Ni na nuna maka ƙofar ginin nan ranar da ka kama aiki. Saura awa biyu. Karanto sunan."

Mai tumbi ba ya dogon jawabi a tsaye. Cikin minti goma lambar kwantena ta fito. A bakin ƙofar tasha aka tare motar da ta ɗauko ta, direba har ya miƙa takardar fita.

Washegari hoton maza uku ya cika jarida. Ita kuwa takardar gargaɗi aka ba ta, wai rashin ladabi. Ta karɓa, ta ci gaba da zagayenta.

Inna, ke ce kika koya mana, mu 'yan matan da muka shigo aikin nan ana mana kallon ado, cewa ba sai da tauraro a kafaɗa ake tsayawa ba. Ga shi za ki yi ritaya, yaran da hodar nan ba ta kai gare su ba ko sunanki ba su sani ba. Mu mun sani, mun gode. Wanda duk ya gaji ɗakin nan, ya tashi ya taka da ƙafarsa.