Cigiya a Rediyon Mama Luz

Jama'a, wallahi ba ƙirƙira ba ce, ni ɗin nan abin ya faru da ni, shekarun baya ina wanke-wanke a gidan wani attajiri a unguwar Mohandessin. Karatu ya kai ni Alƙahira, karatun ya ƙi, kunya ta hana ni kiran gida shekara huɗu cur, har layi na sauya don kada Inna ta tambaye ni ina takardar kammalawa.

Mai girkin gidan wata tsohuwa ce 'yar Filifin, Mama Luz, ita kaɗai ke tambayata ko na ci abinci. Tana da wani tsohon rediyo, ba batir ba waya, na mahaifinta, wanda ta ce mai gabatar da shiri ne a garinsu har zamanin da gwamnati ta rufe gidajen rediyo. Shirinsa panawagan, wato cigiya irin tamu: wane, ka zo gida ana nemanka. Ta ce abin da ya fi tsana shi ne "matacciyar iska", shirun da tasha kan yi ana tsaka da shiri.

"Kai ma matacciyar iska ne," in ji ta. "Kira gida."

"Ma'alish, yi haƙuri Mama, gobe."

Ina ta gobe-gobe har ta rasu, aka kai gawarta ƙasarsu, aka bar ni da rediyon. Na yi kewarta ba kaɗan ba, sai in wuni ban yi magana da kowa ba.

Wata Talata bayan la'asar ina goge tukunya ni kaɗai, sai rediyon ya yi ƙuuu. Innalillahi! Muryar Mama Luz ce, da Hausa tsantsa, matar da ko "sannu" ba ta iya ba: "Ana cigiyar Auta, Innarsa na nemansa." Sau uku, sai ɗif. Kuma duk Masar ba wanda ya san ni da Auta.

Nan take na kira yayana. Ya ce, "Kai ne? Muna asibiti, tun safe kai Inna take kira." Ya kara mata wayar. Ba ta tambayi takarda ba. Cewa ta yi, "Auta, ka ci abinci?" Washegari ta cika.

Na buɗe bayan rediyon, tsatsa ce kawai a ciki. Yana ɗakina a unguwar Ard al-Liwa, kuma har yau in la'asar ta yi tsigar jikina kan tashi. Kai da ke nesa, kira gida yau, don Allah. Kada ka jira a yi cigiyarka.