Misye Ya Je Roƙo da Takarda

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Misye Zulkarnaini a gidan hayarmu na Maamobi. Bangon ma daga rabinsa zuwa sama katako ne, idan ya yi tari ni nake ce masa sannu. Ni ce Abibatu mai koko da ƙosai a ƙofar gidan.

Mutumin Birnin Ƙonni ne, can Nijar. Malamin makaranta ne a can kafin ya zo Accra, shi ya sa muka laƙaba masa Misye, yadda ake kiran malami da Faransanci, ya kuma karɓi sunan kamar an naɗa masa rawani. Yana da tebur a tashar Tudu, inda yake cika wa direbobin Lome da Wagadugu da Yamai takardun Faransanci na kan iyaka. Kullum rigarsa a goge, biro biyu a aljihu, ja da shuɗi. Ƙosai ma da cokali mai yatsu yake ci. Na ce masa, "Misye, yatsun da Allah ya ba ka fa, ajiya kake yi da su?" Ya ce, "Madam Abiba, takardar mutane ba ta son mai." Turancinsa kuwa na shiga trotro ne, motar hayar garin nan: ya faɗi inda zai sauka, ya karɓi canji, shi ke nan.

Matarsa Amama ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Samiratu, tana da shekara goma sha biyu. Ni na koya mata ɗaurin ɗankwali, shi ya koya mata karatu. Da ta ci jarrabawa aka ba ta wata sakandaren kwana ta 'yan mata a bayan Koforidua, Misye ya zagaye gidan nan ɗaki-ɗaki da takardar a hannu, har ɗakin mai gida da ba ya gani sosai.

A makarantun nan an hana ɗalibai riƙe waya. Misye ya san haka sarai. Amma daren tafiya bai zo ba sai da ya kawo min ƙaramar wayar marigayiya, wadda akwai saƙonnin muryarta a ciki, ya ce in ɗinke ta a cikin matashin kan yarinyar. Na ce, "Au, mai doka ne yau da fasa-ƙwauri?" Ya ce, "Ranar Lahadi kaɗai. Minti uku, in ji muryar 'yata." Na ɗinke. Da hannuna na ɗinke.

A shekara ta biyu aka kama wayar. Malamar da ke kula da ɗakin kwana ta ce a ba ta, Samiratu ta rungume ta a ƙirji ta ƙi. Aka tambaye ta wa ya ba ta, ta ƙi faɗa. Sai ga wasiƙa ta zo wa Misye: ya bayyana gaban kwamitin ladabtarwa nan da mako uku, za a yanke ko yarinyar za ta ci gaba da zama a makarantar.

Wasiƙar cike take da Turancin da ko 'yan sakandaren gidanmu sai da suka sosa kai. Bai ba kowa ya fassara masa ba. Ya je wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titin Tudu, ya samo wani mai bango kore wanda aka yi wa masu jin Faransanci da ke son Turanci mai nauyi. Kashi uku ne, in ji shi: kalmomin halin mutum, kalmomin shawo kan mutum, da na aikatawa. Tun daga ranar, bayan sallar asuba, sai ya zauna a bencina da littafin da wani ƙaramin kundi, ina suya yana haddace.

"Defiant," in ji shi. "Haka suka kira ta. Mai taurin kai, mai tsaya wa na gaba."

"To ai gado ne."

"Insolent. Mai rashin kunya." Ya ɗago kai. "Samiratu, mai rashin kunya? Yarinyar da ba ta taɓa kallon idona ba?"

Ban yi tsokana a wannan ba, na juya ƙosaina.

Amma sauran kwanakin ban raga masa ba. Idan mai sayen koko ya zo sai in ce, "Ku yi a hankali, lauya yana karatu." Direbobin tasi na layinmu suka koma kiransa Barista. Yana jin mu, sai ya gyara tabarau ya ci gaba. Har ni na haddace wasu don yawan ji. Arbitrary, hukunci na son rai. Disproportionate, horon da ya fi laifin girma. Lenient, mai sassauci. Wadda ya fi so ita ce implore. Ya ce roƙo ne na wanda ba shi da sauran dabara, ya fi "please" nesa ba kusa ba. Idan zai faɗe ta sai ya rufe ido.

Da ya rage mako ɗaya na ajiye wasa na ce masa, "Misye, ka san garin nan ba haka ake ba. A nan idan naka ya yi laifi, ba ka zuwa da bakinka. Babba kake ɗauka ya je ya roƙa maka. Mutanen nan dwantoa suke ce masa. Idan dattijo ya sunkuya ya ɗora hannu a kan hannu, da wuya a mayar da shi da kunya. Ka je wurin Alhaji Tajudeen, rabin yaran unguwar nan shi ya roƙo su daga wurin 'yan sanda da iyayen gida."

Ya ce, "Makaranta ce, Madam Abiba, ba fadar sarki ba. Malamai ne kamar ni. Malami hujja yake ji."

"Malamin nan ma uwa ce ta haife shi."

"'Yata ce. Idan wani ya tsaya a madadina, me zan ce mata na yi?"

Da na matsa da na ci nasara, na san haka yanzu. Da na je wurin Alhaji da kaina, da ya sa rigarsa ya biyo mu. Amma sai bakina ya koma inda ya saba, na ce, "To Barista, Allah ya ba da sa'a, ka tuna da mu idan an kai ka kotun ƙoli." Aka yi dariya, magana ta wuce.

Ya rubuta jawabinsa shafi huɗu, da jan biro a ƙarƙashin manyan kalmomin. Ya nuna min tsarin kamar mai nuna gini. Shafi na ɗaya, abin da ya faru. Na biyu, inda hukuncin ya kauce wa adalci. Na uku, ya faɗa musu gaskiya cewa shi ya ba ta wayar, kuma muryar uwarta ce a ciki. Na huɗu, roƙo. Na ce, "Me ya sa roƙon yake can ƙarshe kamar ƙanzo?" Ya ce haka aka koya musu tun suna yara: ka kafa hujja tukuna, sannan ka nemi abin da kake nema, in ba haka ba bara ka zo yi.

Na bi shi ranar, da kwanon shinkafa da wake na kai wa yarinyar. A barandar ofishin muka tarar da wasu mutane, 'yarsu ta tsallake katanga ta je gari. Sun zo da wani tsoho mai zanen kente. Kafin ya shiga ya zame takalmansa, ya sauke zanen daga kafaɗa. Ba su yi minti goma ba suka fito, uwar tana share hawaye tana murmushi. Na zunguri Misye. Bai kula ni ba, yana ta motsa leɓe.

Aka kira mu. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, shugabar makarantar a tsakiya, mace mai furfura da ba ta yi kama da muguwa ba. Samiratu na tsaye a gefe da kayan makaranta, hannu a baya. Shugabar ta duba bayanmu ta tambaya ko akwai wanda muka zo da shi. Misye ya ce a'a, shi zai yi magana. Ta nuna masa kujera. Ya ce ya fi son ya tsaya.

Ya fara. Wallahi ya yi kyau. Ban taɓa jin Turanci ya fito daga bakin mutumin gidanmu haka ba, duk da harshensa yana jan sa zuwa Faransanci. Shafi na ɗaya ya wuce lafiya, har wani malami yana gyaɗa kai. Ya juya na biyu. Da na ji arbitrary sai na dubi malamar ɗakin kwana, na ga ta ajiye bironta. Da ya kai disproportionate ya ɗaga yatsa sama, yadda ya saba yi wa 'yan ajinsa a Ƙonni, ba da wata manufa ba.

Shugabar ta ɗaga hannu. Abin da ta ce, Samiratu ce ta fassara min daga baya: "Malam, mun kira ka ne mu ji ko a gida akwai wanda zai lanƙwasa yarinyar nan. Ka zo kana yi mana darasi. Yanzu mun ga inda ta koyo."

Ya ce saura shafi biyu. Ta ce sun ji isasshe. Ya ce, "Please, page three," yana nuna mata takardar. Duk kalmomin mako uku suka gudu suka bar shi da wannan. Ya dubi takardar ya rasa layin da yake.

Ni ce na zube a ƙasa. Da Twi ɗina na kasuwa, yaren mutanen nan, na ce mepa wo kyew, ina roƙonku, uban ne ya ba ta, ni na ɗinke a matashi, muryar uwarta ce da ta mutu a ciki, shi ya sa ta ƙi saki. Malamar ɗakin kwana ta sunkuyar da kai. Shugabar ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da Twi, a hankali, "Maame, da da wannan kuka fara." Ta ce an faɗa wa malamarta magana a gaban kwamiti, ba za ta iya yin kamar ba a faɗa ba. Ba za su kori yarinyar ba, amma an cire ta daga ɗakin kwana. Ta riƙa zuwa daga gida.

Daga gida. Gidanmu yana Maamobi, tafiyar awa uku idan hanya ta yi kyau, kuma ba mu da kowa a garin da makarantar take.

A waje Samiratu ta ce, "Baba, ba komai, zan koyi ɗinki wurin Anti Fuseina." Ya karɓi akwatinta ya ɗora a kansa, mutumin da ban taɓa gani da kaya a ka ba, muka taka har bakin titi.

Muka shiga mota. Sai da muka kusa unguwar Madina, bakin Accra, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kin faɗa min." Na ce, "Ban faɗa da ƙarfi ba."

Kwana tara bayan haka ya bar wa wani ɗan Togo teburinsa na Tudu. Ya samu ɗaki ɗaya a wani ƙauye kusa da makarantar, ya raba shi da labule, rabi nasa rabi nata. Can babu mai bukatar Faransanci, babu direban Yamai, babu masallaci sai wata rumfa da Fulani masu shanu suke sallah. Ya samu aikin shanya koko, ba irin nawa na sha ba, wanda ake yin cakulan da shi. Yini yake yi a rana yana juya 'ya'yan da hannu a kan tabarmar gora.

Na je ganinsu bayan ƙaramar sallah. Ya rame, ya yi baƙi, tarinsa ya yi zurfi. Na ce, "Barista, an koma noma ke nan?" Ya yi ɗan murmushi don kada in ji kunya, ya shimfiɗa min tabarma.

Da ya fita ɗebo ruwa Samiratu ta matso kusa da ni. Ta ce, "Anti, ki yi masa magana ya koma Accra. Zan iya zama da wata 'yar ajinmu, uwarta ta yarda. Ƙurar nan tana cin ƙirjinsa. Ni ba ya jin tawa, ke kaɗai kike iya faɗa masa abin da kika ga dama."

Na yi. Na bi shi har bakin rijiya na yi masa magana, babu wasa ko ɗaya a ciki. Na ce ɗakinsa yana nan, mai gida bai ba kowa ba tukuna. Na ce direbobi suna tambayarsa. Na ce yarinyar ta girma, kuma idan ya kwanta a nan wa zai ɗauke shi. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da darajar Amama. Ya saurare ni har na gama, guga a hannunsa.

Ya ce, "Saura wata goma sha huɗu ta rubuta jarrabawa. Ni na fitar da ita daga ɗakin kwanan makaranta, Madam Abiba. Ki ce wa mai gida ya ba wani."

Ya ɗauki bokitin ya yi gaba, na bi shi a baya. Da na dawo Maamobi na faɗa wa mai gida. A ƙarshen watan wasu masu gyaran babur su biyu suka shiga ɗakin.